Zuwa Ga Sarkin Noman Da Ya Maƙale A Kaduna

Kafin in gaishe ka, ga kacici-kacici, kai da duk wanda ke zaune nan ya kasa kunne. Wane tsoho ne ake fitar da shi daga ɗaki mai ƙofa a bisa, a kai shi daji, a tura masa ƙasa da diddige, babu wanka babu salla, a juyo gida ana raha, in kuwa aka ji tausayinsa aka bar shi kwance a ɗaki, to nan ne zai mutu? In ba ka sani ba, ka ba ni gari. Kaduna nake so, in kori kowa, in rufe ta, in jefa mabuɗin a rijiya.

To, yanzu gaisuwa.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya zuwa ga Maigida, Sarkin Noma, wakilin jama'armu a majalisar Kaduna har zuwa ranar da soja suka sa mata kwaɗo. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke lafiya a nan wajen Tamawa, in aka cire gwiwata ta hagu. Ba zan kama sunanka ba. Ban kama shi ina amarya ba, ba zan fara da furfura ba. Wanda bai gane ka ba ya duba cikin taron nan, dogon tsohon da ya fara jan gemu yana kallon ƙasa, shi ne.

Na aika maka wasiƙa ta hannun Ɗanjuma direba, na sake aikawa, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Shi ya sa wannan karon na ce kada ya ba ka a hannu. Na ce ya jira bayan la'asar, lokacin da mutanen ƙasarmu ke taruwa a ƙofar mai masaukinka, ya sami mai murya ya karanta da ƙarfi. Za ka ce na tona maka asiri. Ai kai ka koya mini. Kai ka ce a majalisa magana ba ta zama magana sai an faɗe ta gaban mutane. Mai karatu kuma ya yi haƙuri da rubutun, a ajin yaƙi da jahilci na koya, da tsufana. Maigida ya ce kamar kaza ta yi tono, alhali shi boko ko tonon bai iya ba, sai dai a karanta masa.

Ruwa ya sauka ranar Alhamis da la'asar. Ba yayyafin yaudara ba, ruwan shuka, wanda in ka tura hannu cikin ƙasa har wuyan hannu sanyi kake ji. Daga nan har Kutawa babu wanda ya ƙara zama. Ko'ina ka duba mutane sun jeru a gona kamar zabi. Gonaki biyu kaɗai aka wayi gari babu sawun kowa a cikinsu, ta tudu da ta bayan gida, duka naka. Dalili ka san shi. Iri yana cikin ƙaramin rumbu, ƙaramin rumbu kuwa babu mai buɗe shi sai kai.

Saboda 'yan birnin da ke kusa da kai, masu tsammanin gero a mudu yake tsirowa, bari in yi bayani. A wajenmu mace ba ta leƙa rumbun miji. Abin da aka jefo mata shi za ta sussuka, ba ruwanta da abin da ya rage. Ɗa kuma ba ya hawa rumbun iri uban yana da rai, don in ya hau kamar ya shaida wa gari ne cewa uban ya ƙare, gandu ya watse, kowa ya kama gonarsa. Babban rumbun ci ka bar shi a hannun babban ɗanka, ba mu da yunwa. Amma na iri tun kaka da ka rufe shi da hannunka, a rufe ruwan nan ya same shi.

Na kasa zama. In na ɗauki tsintsiya sai in ga ina tsaye a bakin darni ina kallon gabas. Jiya na zuba gishiri a kunu. Jikokinka suna ta yi mini dariya, wai Kaka ta fara ruɗewa. Na ce kakanku ne ya ruɗe, ni taya shi nake.

Ka tuna ko wane iri ne wannan? Kai da kake alfahari an haife ka kafin zuwan Nasara, kana kiwon awaki aka ce sun shigo Katsina, ai bai kamata ka manta ba. Na babanka ne, Kawuna, Allah ya ji ƙansa. Shekarar yunwar nan ta ƙuruciyarmu, ina 'yar ƙarama, na gan shi ya shimfiɗa buzu a gindin wannan rumbun da sanda a hannu. Muna cin tafasa da dusa, wuyanmu kamar na kaji, ga gero a bisa kansa, ya hana. Uwata, ƙanwarsa ta ciki ɗaya, ta durƙusa tana kuka, ya kau da kai ya ce, “Wanda ya ci iri ya ci jikokinsa.” Da damina ta zo, rabin garin nan a hannunsa suka sami abin shukawa. Gero kuwa ba zinariya ba ne, ka fi ni sani. In ya tsallake damina yana kwance, ƙarfinsa ya fara tafiya.

Da aka aura mini kai, ɗan kawuna, taubashina, mutane suka ce an haɗa wuta da auduga. Shukarmu ta farko ina tuna ta. Kai a gaba da sungumi kana sara, ni a baya da ƙwarya ina jefawa ina rufewa. Ƙafafunka kamar na raƙumi, takunka ɗaya sai na yi biyu da ɗan tsalle. Ina kira ba ka juyowa. Wai, “Mai sara ba ya waiwaye, layi zai karkace.” Sai na ɗauki hogen ƙasa na jefe ka a tsakiyar baya. Ka tsaya cak, ba ka juyo ba, ka ce, “Taubashiya, ki ji tsoron Allah.” Amma daga nan ka rage taku. Ka yi tsammani ban lura ba. Har yau geron gidanmu ya fi na kowa matsuwa a layi, mutane suna cewa dabarar Sarkin Noma ce. Gajertar ƙafata ce.

Shekarar da ka noma dami dubu aka jera dammunan, makaɗa suka zo, aka naɗa maka rawanin Sarkin Noma. Kanka ya kumbura, har yau bai koma daidai ba. Da a nan ka tsaya da mun huta.

Amma bakinka bai bari ba. Ranar da Hakimi ya zo rangadi, kowa ya sunkuyar da kai yana “ranka ya daɗe, lafiya lau muke,” kai ka gyara zama ka ce, “Ranka ya daɗe, da damina mu mutanen ƙetaren rafi ba mu da kasuwa, ba mu da asibiti. Haraji ne kaɗai ya iya iyo.” An ce dogarai sun zaro ido, Hakimi kuwa ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Kafin mako maganar ta kai kasuwar Kurfi, ta wuce Dutsin-Ma. Da aka zo kafa majalisar gunduma aka ce a sa mai maganar iyo. Daga nan sai ga manya a zaurenmu, wai a Kaduna ana son a ga manomi na gaske, mai kanta a hannu.

Ranar zaɓe mu mata muna bayan darni muna leƙe, don an ce ƙuri'a ta maza ce. Ka gode wa Allah. Da an ba ni tawa, da wancan ɗan gajeren malamin na jefa wa, in ga ko ba za ka zauna gida ba.

Zuwanka na farko ka dawo da ƙafa a kumbure. Takalmi sau-ciki ya ci ka, ka tuɓe shi a ƙarƙashin kujera, aka kira ka ka yi magana, ka miƙe da ƙafar Allah. Na tambaye ka yaya majalisar take, ka ce, “Gayya ce da ba a zo da fartanya ba, kowa da bakinsa ya zo.” Ka ce in an juya Turanci kai kallon daɓen kake kana lissafin dami nawa zai bayar da gona ce. Duk zaman da aka yi sai ka tashi ka yi maganar rafin nan namu, har suka sa maka suna Baba Gada. Duk shekara in na tambaya ka ce ana dubawa. Na ce wannan gada ta fi amarya shan kallo.

Ba don in ƙara kumbura maka kai ba, amma gaskiya gaskiya ce, a faɗe ta gaban mutane. Rijiyar siminti da muke sha, kai ne. Malamin allurar shanu da ya fara shiga rugagen Fulani maimakon su kora dabbobi har Dutsin-Ma, kai ne. Masu awon gyada da suka daina danna sikeli da gwiwa in sun ji an ce ɗan garinku ne, kai ne. Kuma duk shekarun nan, ko ana tsakiyar zama, da ka ga hadari ya fara haɗuwa sai ka hau mota. Ka iso, ka rataye babbar riga a darni, ka jingina tsani, ka hau rumbu. Ba ka taɓa bari ruwan shuka ya riga ka gida ba. Sai bana.

Na san abin da ya riƙe ka, kuma a nan zan ajiye wasa in ɗan huta.

Daminar bara Tanko, ɗan maƙwabciyarmu Dije, yana dawowa daga kasuwar Kurfi rafi ya cika ya ɗauke shi. Jakinsa ya fito, shi sai washegari aka same shi a cikin saiwoyin wani marke. Shi ke nan ɗan da take da shi. Ka zo gaisuwa, ka zauna a tabarma, wani daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, “Ga Baba Gada nan.” Na ga wuyanka ya sandare. Ka miƙe a gaban liman da dukan gari ka ce, “Wallahi ba za ku ƙara ganin fuskata a garin nan ba sai tare da masu aikin gada.” Na so a ce hoge yana kusa da hannuna ranar. Ka tsaya aka yi girbi don ba yadda za ka yi, kana bin bayan gari kamar mai laifi, ka ɗaure iri, ka rufe rumbu, ka tafi. Ba a daɗe ba rediyo ya ce soja sun karɓi ƙasa, majalisa ta tashi.

Abokan zamanka kowa ya koma garinsu. Ɗanjuma ya ce kai kullum da safe sai ka sa babbar riga ka tafi ofishin ayyuka, ka zauna a benci har a tashi. Ya ce masinja ma ya daina tambayarka abin da ya kawo ka, sai dai ya matsa maka. Ya ce rigar ta yi maka yawa. Wannan maganar ce ta hana ni sukuni, fiye da ta ruwa. Ga kuma labaran da ake kawowa daga birane, ba masu daɗi ba. Me tsoho irinka yake yi a tsakiyar wannan?

Na je wajen Liman na ce, “Malam, mutum ya yi rantsuwa da bakin da ya fi shi girma, yaya za a yi?” Ya ce abu mai sauƙi, ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma, Allah ba ya son bawa ya ɗaure kansa da igiyar da ba za ta amfani kowa ba. Na ce to in ɗora tukunya. Ya ce a'a, sai da niyyar mai rantsuwa. To ka ji. Niyya ba ta buƙatar mota. Ka ƙulla ta daga nan inda kake zaune, tuwo da miya wannan aikina ne.

'Ya'yanka kuwa sun kusa cinye juna. Sale, autanka, ya ce malamin gona yana raba sabon iri a Kurfi, a karɓo, a ba shi gonar tudu ya yi tasa, don shi ba zai zauna yana gadin rumbun wanda ya manta da su ba. Babban ya ɗaga masa hannu, na shiga tsakani. Na ce wa babban to kai ka hau mana. Ya dube ni idonsa ya yi ja, ya ce, “Inna, in na hau rumbun nan Baba yana numfashi, na bizne shi ke nan. Ba da hannuna ba.” Ɗaya ya gaji bakinka, ɗaya ya gaji taurin kanka. Ni ban ga wanda ya gaji hankalina ba.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci Kurfi, gari ya rage daga mu sai kaji. Dije ta shigo ta same ni tsaye a gindin rumbu ina kallon jinkarsa. Tun rasuwar Tanko ba ta cika magana ba. Ta ce, “Mairo, in kin rubuta masa ki ce ya dawo. Gada ba za ta dawo mini da ɗana ba. Maigidanki kaɗai na ga ya zubar da hawaye ranar nan, shi kuma ya gudu ya bar ni da masu cewa sai haƙuri.” Sai ta dubi tsanin da ke kwance a jikin darni, ta dube ni, ta ce, “Ke za ki hau ko ni? Ni dai ba mijina ba ne, laifina zai fi naki sauƙi.” Na ce in za a yi wa mutum ɓarna gara na gida ya yi masa.

To ka ji, Sarkin Noma, ku ma ku ji. Na hau rumbunka.

Na ɗaure zane kamar mai shiga dambe. Dije ta riƙe tsani tana karanto duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa. Gwiwar nan tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na ture jinka, na zura ƙafa, na zura ɗayar, sai ƙugu ya ce shi ba ya wucewa. Wanda ya gina bakin rumbun nan da ramammu irinku ya auna. Na tsaya rabi a ciki rabi a waje, ina kallon garin nan duka daga bisa, ina roƙon Allah kada liman ya gajarta huɗuba. Dije tana ƙasa tana cewa, “Ki saki numfashi, Mairo, ki tuna haihuwa.” Dariya ta kama ta har ta saki tsanin ta zauna a ƙasa. Rabon da in ji dariyar matar nan tun kafin ruwan bara. Ni ma dariyar ce ta sassauta ni, sai ji na yi na zurma.

Tun ina amarya nake cin abin da ke fitowa daga rumbunanka, ban taɓa ganin cikin ko ɗaya ba. Na ɗauka zan tarar da abin mamaki. Duhu ne da sanyi da ƙamshin ganyen bedi, wato darbejiya. Da idona ya saba sai na ga yadda ka jera su, kowane dami kansa na kallon tsakiya, toka a tsakani, ko ƙwaro ɗaya babu. Zangarniyoyin nan dogaye da ka bi gona kana zaɓe ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa ɗaurin, irin ƙullin nan naka da ba ya kwantuwa sai an san inda za a ja. Mutumin da ake cewa ya manta da gida ba ya ɗaure iri haka. Na zauna a kan dammunan na daɗe. Abin da na yi a ciki ba na masu saurare ba ne. Dije ta buga jikin rumbun ta ce ko na mutu ne, na ce tukuna.

Na miƙo mata abin da na miƙo, na fito da taimakon Allah da na igiya, na mayar da jinka yadda take. Da 'ya'yanka suka dawo suka tarar da mu muna sussuka a tsakar gida. Babban ya dubi geron, ya dubi zanena da ya yi fari fat da toka, ya ce, “Inna, ke ce?” Na ce a'a, aljanu ne, ka gan su nan su biyu da taɓare.

Na karya maka doka, ɗan kawuna, dokar da uwata da kakata ba su karya ba. Gari ya ji, ana ta magana, wasu sun ce gidan Sarkin Noma ya zama na mace. In kana da faɗa, kuma na san kana da shi, ba a yin sa ta bakin direba. Ka zo tsakar gidanka ka tsaya ka yi shi, in ba ka amsa, jikoki su sha kallo.

Ba wanda ya aike ka ka mutu a benci. Ka roƙa, ka sake roƙo, ka tsufa kana roƙo, ba a ba ka ba. Gadar nan wata rana wani zai gina ta, ko muna nan ko ba ma nan. Wanda ya yi maka gatse ranar gaisuwa, shi ma da rijiyarka yake alwala. Ka zo ka naɗe wando ka ƙetare kamar kowa, ruwan bai kai gwiwa ba tukuna. In kunya ce, ka rufe fuska da rawani, ni zan tsaya a bakin rafi in ce wa mutane baƙo ne.

Ni dai na gaji da cin tuwo ba wanda zai ce ya yi tauri. Tabarmarka tana naɗe, na hana kowa shimfiɗa ta. Mun tsufa, Malam. Ban san damina nawa ta rage mana ba, ba na son a ci mini ɗaya a Kaduna.

Allah ya tsare mini kai daga sharrin gari da na hanya. Allah ya sassauta wannan wuya naka ya juyo da shi gida. Allah ya ji ƙan Tanko, ya ji ƙan Kawu da iyayenmu, ya sanyaya zuciyar Dije. Allah ya zaunar da ƙasar nan lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya sa a ci da mu. Amin.

Ni ce taubashiyarka, kakar jikokinka, wadda ba ta zaɓe ka ba,
Mairo.

Kacici-kacicin kuwa, iri ne. Rabin geron babanka yana cikin ƙasa a gonar tudu tun ranar Asabar. Babban ɗanka ya yi sara, Sale ya karɓe shi da ya gaji, ni da Dije muka bi muna rufewa. Ɗaya rabin yana cikin rumbu da ƙullinka a jikinsa. Gonar bayan gida ba a taɓa ta ba, damshinta kuma ba zai wuce Juma'a ba.